Sharhi a Kan Littafin Dalziel na Sunayen Itatuwa

A shekarar 1916 aka buga littafin A Hausa Botanical Vocabulary a Landan. Marubucinsa, J. M. Dalziel, likita ne ɗan ƙasar Sikotilan da ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa. Ya jera sunayen itatuwa da tsirrai bisa tsarin abacada, ya haɗa kowanne da sunansa na kimiyya, ya kuma nuna bambancin karin harshe, kamar na Sakkwato da na Kano. Albarkacin irin wannan aiki ne masanin haɗa magunguna zai san cewa maɗaci shi ne Khaya senegalensis, sabara kuwa Guiera senegalensis. Ya cancanci yabo a nan.

Sai dai littafin ya gajarta a daidai inda ake buƙatar ya faɗaɗa. Yakan ambaci amfanin itace a taƙaice, alhali wanzami da ungozoma sun san cewa magani yana cikin haɗi: saiwa ce ko sassaƙe, jiƙawa za a yi ko dafawa, da jar kanwa ko ba kanwa, ludayi nawa za a sha.

Muhimmancin haka ya bayyana a ƙasar Sin. Tu Youyou da abokan aikinta sun daɗe suna gwada wani tsiro dangin tazargade a kan zazzaɓin cizon sauro, sakamakon yana hawa da sauka. Sai ta duba rubutun Ge Hong na ƙarni na 4, ta tarar ya ce a jiƙa ganyen a matse ruwansa, bai ambaci tafasawa ba. Daga nan ta gane zafi ne ke lalata sinadarin. A 1971 ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, aka samu atimisinin, wanda ya kai ta ga lambar Nobel a 2015.

Wani zai ce ƙamus Dalziel ya rubuta, ba kundin magani ba, kuma a littafinsa na 1937 ya ƙara bayani. Haka ne. Amma ko a can, masu ilmin da aka ɗebo daga bakinsu sun ɓace a bayan sunayen Latin. Ɗalibin da yake son bin sawun haɗin sabara a yau, dole ya koma wurin 'yan magori da tsofaffin ƙauye, su kuwa kullum raguwa suke yi.