Haɗa Amfilifaya Biyu ga Jitar Bes: Nazarin Tsarin Sitiriyo

Jitar bes ta lantarki, tun da kamfanin Fender ya fito da samfurin Precision a Amurka a 1951, a kan hanya ɗaya aka gina ta: waya ɗaya ta fito daga jikin jitar ta shiga amfilifaya ɗaya, sautin ya fita ta akwatin lasifika. Har yau yawancin makaɗa haka suke yi. Amma daga ƙarshen shekarun 1960 wasu makaɗan rok a Ingila da Amurka suka fara raba sautin gida biyu, kowane ya bi tasa amfilifayar. A bakin makaɗa duk sitiriyo ake ce wa wannan, alhali tsare-tsare uku ne mabambanta, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na farko shi ne rabawa tun daga jikin jitar. Jitocin bes da yawa suna da maɗaukan sauti biyu, wato maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna mayar da girgizarsu lantarki. Na kusa da wuyan jita sautinsa mai kauri ne, na kusa da gindin tsirkiya kuwa siriri ne mai kaifi. Kamfanin Rickenbacker ya sa wa samfurinsa na 4001 mafita ta musamman mai suna Rick-O-Sound, wadda ke fitar da kowane maɗauki daban. Chris Squire na ƙungiyar Yes ya sa an sake wa tasa jitar wayoyi, yana tura mai kaurin zuwa amfilifayar bes, siririn kuma zuwa amfilifayar jita zalla. Amfanin wannan rabo a fili yake. Na'urorin da ke sa wa sauti kaushi suna cinye kaurin bes, sai kiɗan ya rasa gindin zama. Idan aka raba hanya, sai kaushin ya tsaya a sama, ƙasa ta zauna da tsabtarta. Billy Sheehan ya bi wannan tafarki har kamfanin Yamaha ya ƙera masa samfurin Attitude mai ramin waya biyu. Wanda ya kai abin maƙura shi ne Phil Lesh na Grateful Dead: a katafaren tsarin lasifikokin da ƙungiyar ta yi yawo da shi a 1974, ana iya tura kowace tsirkiya daga cikin huɗun zuwa nata rukunin lasifikoki.

Na biyu ba ya duban maɗauki. Wata na'ura ce ake sakawa ta yanka sautin a wani mataki, abin da ke ƙasa ya tafi manyan lasifikoki masu faɗin inci 15 ko 18, abin da ke sama ya tafi ƙanana masu inci 10. Amfilifayar Gallien-Krueger 800RB ta farkon shekarun 1980 da wannan tsari ta zo a cikinta, wat 300 ga ɓangaren ƙasa, wat 100 ga na sama. Wannan rabon ƙarfi ma darasi ne: sauti mai kauri shi ke cin wuta.

Na uku shi ne sitiriyo na ainihi, hagu da dama, inda cikakken sauti ke fita ta ɓangarorin biyu amma da ɗan bambanci a tsakaninsu. Na'urar koras ko ta jinkirta sauti ce ke kawo bambancin. Jaco Pastorius yakan yi amfani da amfilifayar Acoustic 360 guda biyu, ya bi da ɗaya ta na'urar jinkiri ta MXR, sai sautinsa ya yi faɗi yana ɗan kaɗawa. Wannan tsarin ne ya fi daɗi a kunnen makaɗi idan yana tsaye tsakanin akwatunan, kuma shi ne ya fi jawo matsala.

Matsalar daga yanayin sauti take. Tsirkiyar E, mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu, tana girgiza kusan sau 41 a sakan ɗaya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, ke nan tsawon zangon igiyar sautin ya haura mita 8. Tazarar da ke tsakanin kunnuwan mutum ba ta kai tsawon tafin ƙafa ba, saboda haka a ƙasa da girgiza 80 ko makamancin haka kunne da ƙyar yake gane daga ina sauti ya fito. Raba irin wannan sauti hagu da dama bai ƙara wa mai sauraro komai ba. Abin da yake haifarwa shi ne karo. Idan igiyoyin akwatuna biyu suka iso wuri ɗaya a tare, sukan ƙarfafa juna. Idan ɗaya ta makara da rabin zango, sai su kashe juna, kamar mutum biyu a kan ƙofa ɗaya, wannan na turawa daga ciki, wancan daga waje. A girgiza 100 zangon mita 3.4 ne, don haka bambancin nisa na mita 1.7 ya isa ya shafe sautin. Shi ya sa idan aka nisanta akwatunan bes a dandamali, wani a cikin zaure zai ji bes har ƙirjinsa, wani da ke taku kaɗan daga gare shi ya ji wayam. Masu yanka faifan garmaho sun daɗe da sanin haka ta wata fuskar: sukan haɗe sauti mai kauri ya koma tsakiya, domin in an bar shi a rabe allura na iya tsalle daga layinta.

Daga nan ƙa'idar da ta fi dacewa ta fito, kuma ita ce ta sa tsarin Squire ya fi na hagu da dama ƙarko: ƙasa ta zauna wuri ɗaya, sama ce za a yi wa ado. Masu ƙera na'urori ma sun amince da hakan, domin koras ɗin da Boss ya yi wa bes, CEB-3, yana da makunnin da ke hana kaɗawar taɓa sauti mai kauri. Mike Kerr na Royal Blood, ƙungiyar Ingila mai mutum biyu kacal, da irin wannan rabo yake cike gurbin jitar da ba su da ita, bes ɗaya tana ciyar da amfilifayar bes da na jita a lokaci guda. Sai dai duk mai tura bes cikin akwatin jita ya rage kaurin tukuna, don lasifikokin jita, musamman na akwati mai buɗaɗɗen baya, ba a yi su don wannan nauyi ba, suna iya yagewa.

Wajen haɗawa, abu na farko da ke damun mutane shi ne gurnani. Amfilifaya biyu kowace da wayarta da ke haɗa ta da ƙasa, ga kuma wayar jita ta haɗa su, sai a sami zagaye da ke jawo ƙugin wutar gida. A Amurka girgiza 60 ce, a Turai da Najeriya da Nijar 50, wadda ke dab da muryar G ta tsirkiyar E mai girgiza 49, ke nan tsakiyar filin bes take zama. Maganinsa a sa duka biyun a soket ɗaya, a kuma raba sautin da akwatin rabo mai ƙaramar taransifoma a ciki, irin na kamfanonin Radial da Lehle. Cire ƙafar ƙasa daga fulogi, kamar yadda wasu ke yi don gurnanin ya tafi, wasa ne da rai. Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a kan dandamali a Swansea a 1972 bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba.

Sai daidaita fuskar motsi. Wata amfilifayar takan juya sauti, ta yadda lasifikarta ke komawa ciki lokacin da ta ɗayar ke fitowa. Alamarsa ita ce bes ta yi ƙarfi da amfilifaya ɗaya, ta rame idan an kunna biyu. Akwatunan rabo masu kyau suna da maɓallin juyawa saboda haka. Ana kuma gwada akwatin lasifika da batir mai bolt 9: a taɓa shi a bakin wayar na ɗan lokaci, a duba ko takardun lasifikokin duka waje suka yi.

Kowace amfilifaya da nata akwati. Ba a taɓa haɗa mafitar amfilifaya biyu a lasifika ɗaya, kuma mai bawul ɗin gilashi, irin Ampeg SVT ta 1969, ba a kunna ta babu akwati a jikinta. Akwatuna biyu masu om 8 idan aka jera su a amfilifaya ɗaya sun koma om 4, don haka a duba abin da aka rubuta a bayanta kafin a ƙara. Akwatunan kuwa gara a ɗora su ko a manna su da juna, domin a nan ne ɓangaren ƙasa ke ƙaruwa maimakon ya ragu.

A manyan wurare jama'a ba daga amfilifayar makaɗi suke jin bes ba, daga lasifikokin zaure suke ji, kuma akasari injiniyan sauti layi ɗaya yake ware wa bes a miksa. Mai tsarin gida biyu sai ya nemi layi biyu tun kafin a fara, ɗaya na tsabtataccen ƙasa, ɗaya na makirufo a gaban akwatin sama, sannan a haɗe su a saurara a lokacin gwaji, a tabbata ba su cinye juna ba.