Alli da Alƙalami: Nazari a kan Ye Shengtao da Littafinsa Ni Huanzhi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wata matsala da ta daɗe tana ci wa manazarta adabi tuwo a ƙwarya, watau idan mutum guda ya zamanto marubuci, malami, kuma ɗan siyasa, wanne ne daga cikin ukun yake riƙe da alƙalami? Za mu gwada amsa wannan tambaya ta hanyar nazarin Ye Shengtao na ƙasar Sin da ƙagaggen labarinsa mai suna Ni Huanzhi.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Marubucin

An haifi Ye Shengtao a birnin Suzhou a 1894, ya rasu a Beijing a 1988. Ya fara koyarwa a makarantar firamare a 1912. A 1917 ya koma garin Luzhi, inda shi da abokan aikinsa suka buɗe wa ɗalibai gona don su haɗa karatu da aikin hannu. A 1921 yana cikin mutum 12 da suka kafa Ƙungiyar Nazarin Adabi, wadda ta tsaya a kan cewa adabi ya yi wa rayuwar jama'a hidima. Bayan juyin mulkin 1949 ya shugabanci maɗabar littattafan makarantu ta gwamnati, sa'an nan ya zama mataimakin ministan ilmi a 1954.

3.0 Jigo da Warwararsa

Labarin ya fara fitowa kashi-kashi a wata mujallar ilmi a 1928, aka buga shi littafi a 1929. Tauraronsa, Ni Huanzhi, saurayin malami ne wanda ya yi imani cewa gyaran makaranta shi ne gyaran ƙasa. Shi da hedimastansa sun yi niyyar yi wa yara gona, amma da yake akwai kaburbura a filin, sai wani mai faɗa-a-ji ya fake da wannan ya zuga mutanen gari. Aurensa da wata malama mai ra'ayi irin nasa shi ma bai kai shi inda yake zato ba, don haihuwa da hidimar gida sun ɗauke mata hankali. Daga nan sai ya nufi Shanghai ya tsunduma cikin gwagwarmayar 1925. Kisan gillar da aka yi wa ma'aikata da 'yan gurguzu a Afrilun 1927 ya karya masa zuciya, ya kama shan giya, zazzaɓin taifot ya yi ajalinsa.

4.0 Salo: Ƙarfi da Rauni

A ganinmu littafin ya rabu gida biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. A kashin makaranta marubucin yana nuna mana abu ne a aikace: yadda iyaye ke zargin sabon tsari, da yadda tsofaffin malamai ke yi masa zagon ƙasa. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin gonar cikin labarin 'yar'uwar ta Luzhi ce, kuma gani ya kori ji. A kashin siyasa kuwa labarin yana gudu ne, jawabai da tunanin zuci suna maye gurbin aiki, har tauraron ya kusa komawa allon da aka rubuta tarihin zamaninsa a kai. Har ila yau, mun lura cewa da idon mijin kaɗai muke ganin matar, ba a ba ta bakin kare kanta ba sai a ƙarshe, inda ta ɗauri aniyar ci gaba da abin da ya bari.

5.0 Kammalawa

Saƙon littafin a fili yake: ilmi shi kaɗai ba ya gyara al'ummar da ba a taɓa tushen zaluncinta ba. Amma rayuwar marubucin ta yi wa saƙon gardama, domin bai bar harkar ilmi ba. A 1932 ya wallafa littattafan koyon Sinanci na firamare, kuma bayan 1949 aikin manhaja ya kusa shafe ƙagaggen labari daga rubuce-rubucensa. Saboda haka muna ganin malamin ne ya riƙe alƙalamin tun farko. Inda ya rubuta abin da ya sani a aji, adabinsa ya rayu; inda ya ari bakin ɗan siyasa, ya yi rauni. Wannan abin lura ne gare mu da muke koyarwa muna kuma rubutu.