Karin Maganar Sulemanu: fada ko gona? Duba daga Tsibiri

Daga cikin littattafan Tsohon Alkawari akwai guda biyar da masana suke haɗawa wuri guda su kira su littattafan hikima da waƙa: Ayuba, Zabura, Karin Magana, Mai Hadishi da Waƙar Waƙoƙi. Hausawa Kirista na ƙasar Maraɗi sun daɗe da su a hannu. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, kafin shekarun 1920 su ƙare sun kafa tasha a Tsibiri, daga baya suka bazu zuwa Maraɗi da Jiratawa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma da shi makarantar Baibul ta Tsibiri ta horar da masu wa'azi. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin wannan yanki, ta nuna cewa mishan ɗin ta fi son karatun Hausa da wa'azi a kan zurfin ilimin boko. Irin wannan tarbiyya tana fitar da gwanayen haddar aya. Amma littattafan hikima ba su cika jin daɗin hadda kaɗai ba, domin aya guda da aka ciro daga cikinsu takan yi ƙarya in aka raba ta da muhallinta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata gardama da malaman Turai suka shafe shekaru suna yi, wadda mutumin Tsibiri zai iya sa mata baki da hujja. Tambayar ita ce: daga ina karin maganar Isra'ilawa ta fito? Gerhard von Rad da masu ra'ayinsa sun ce daga fada, wurin magatakarda da masu koyar da 'ya'yan sarauta. Suna da abin kamawa. Sura ta 25 ta littafin Karin Magana ta faɗi cewa mutanen Sarki Hezekiya ne suka kwafe wani sashe, kuma tun 1924 Adolf Erman ya gano cewa sashen da ya fara daga 22:17 yana bin sawun koyarwar Amenemope ta tsohuwar Masar. Claus Westermann a 1990, da Friedemann Golka a 1993, suka ce a'a. Suka ɗebo karin maganar al'ummun Afirka suka jera kusa da na Ibraniyawa, don su nuna cewa talaka ma yana magana kan sarki, kuma zancen rago da tururuwa da lokacin girbi na bakin manoma ne.

Ɓangarorin nan duka biyun sun ɗauka cewa tsakanin fada da gona akwai katanga. A Gobir ba haka abin yake ba. Tsibiri gari ne da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, fada ce sosai, da sarakunanta da maroƙanta da makaɗanta. To amma makaɗin fada daga ina yake samo magana? Wanda ya saurari Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya san cewa abin da tsofaffi ke faɗa a gindin bishiya shi yake ɗauka, ya gyara masa zama, ya ɗaura masa kiɗa, gobe kuma a ji shi ya dawo bakin mata a wurin daka. Magana tana hawa tana sauka. In haka take a Urushalima, kuma ban ga dalilin da zai hana ba, to von Rad ya ga inda aka rubuta ta ne, Golka kuma ya ga inda aka haife ta.

Akwai wuri na biyu da kunnen Bahaushe ya riga littafin sharhi isa. A sura ta 26, aya ta 4 ta hana ka amsa wa wawa bisa wautarsa, aya ta 5 kuma nan take ta umarce ka ka amsa masa. Malaman Yahudawa na dā sun tattauna wannan a Talmud, suna neman yadda za su sasanta su. Mu da muke cewa mahaƙurci mawadaci, mu kuma juya mu ce zafin nema ba ya kawo samu, sannan mu zagi malalaci da wata maganar, ba mu ganin saɓani a nan. Karin magana ba doka ba ce, gaskiyarta tana hannun mai jefa ta da lokacin da ya jefa. Littafin Ayuba kusan dukansa a kan wannan yake. Abokansa uku ba su faɗi abin da ba a sani ba: mugu yana girbin abin da ya shuka. Laifinsu shi ne sun kai maganar gidan da ba nata ba. A ƙasar da asibitin Danja yake karɓar kutare tun 1956, tambayar ko ciwo sakayyar zunubi ne ba ta cikin aji ba ce. Kowa a nan ya san haƙurin Ayuba, Musulmi da Kirista, amma mai buɗe littafin daga sura ta 3 zai tarar da mutum yana la'antar ranar haihuwarsa.

Zabura ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ya taso da jagora da 'yan amshi. Abin da Robert Lowth ya bayyana a 1753, cewa baitin Ibraniyanci layi biyu ne, na biyu yana maimaita na farko ko ya ƙalubalance shi ko ya ƙarasa shi, mawaƙanmu na baka suna yinsa kullum. Zabura ta 136 kuwa amshi ɗaya take maimaitawa a ayoyinta 26.

Sai dai kada zumuɗi ya kwashe mu mu ce komai na baka ne. Zabura ta 119 tana da ayoyi 176, an kasa su gida 22 bisa jerin haruffan Ibraniyanci, kowane gida ayoyi takwas masu farawa da harafi ɗaya. Wannan aikin alƙalami ne, kuma fassara tana shafe shi gaba ɗaya, har mai karatun Hausa ba zai san yana nan ba sai an gaya masa. Haka sashen Karin Magana daga 10:1 zuwa 22:16: masana sun ƙirga karin magana 375 a ciki, adadin da ya yi daidai da lissafin haruffan sunan Sulemanu a Ibraniyanci. Ɗalibin makarantar Baibul zai iya jin wannan ya yi mamaki. Malamin zaure da ke unguwa ɗaya da shi a Maraɗi, wanda ya saba warware ramzi a ƙarshen waƙoƙin ajami don ya gano shekarar da aka rubuta su, zai gane dabarar tun kafin a gama yi masa bayani.