Rubutun Tsutsa na Ado da Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa: Nazari Daga Sabo, Ibadan

A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, mun lura cewa katunan gayyata da takardun shaidar Islamiyya da allunan shaguna sukan fito da rubutun tsutsa na ado, musamman samfurin Zapf Chancery da Hermann Zapf ya zana a 1979. Tushensa shi ne rubutun magatakardan Italiya na ƙarni na 16, shi ya sa layinsa ke kauri da sirancewa tamkar na alƙalamin kara, abin da idon da ya saba da Ajami ke maraba da shi.

Sai dai wannan kyau yana da illa. Kawunan b da d da k suna karkata dama don ƙawa, ta yadda suka yi kama da ɓ da ɗ da ƙ. Yaron da ya tashi cikin Yarabanci, yake koyon karatun Hausa a aji, zai sha wuyar bambance bari da ɓari, ko kafa da ƙafa. Abin lura, Zapf ɗin ne ya taimaka wajen tsara haruffan Pan-Nigerian a shekarun 1980, waɗanda suka bai wa lanƙwasa matsayinta.

Saboda haka muna ba da shawarar a taƙaita samfurin ga bangon littafi da takardun shaida, a kuma cire shi daga matanin littattafan firamare.