Kafin a ce a sauke giya

Akwai wasu masu mota da nake ganin girmansu ƙwarai, kuma babu mai sabuwar mota a cikinsu. Mutane ne masu hawa Toyota Camry ko Honda Accord da ta haura shekara goma sha biyar, wadda ta ci rabin rayuwarta a titunan Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Legas ko Kwatano. Da ita ake kai yara makaranta, da ita ake zuwa gaida iyaye a ƙauye, kuma in ta kwanta gidan gaba ɗaya ya ji a jikinsa. Waɗannan mutane ba kanikawa ba ne. Malaman makaranta ne, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa, har da mata masu kai kansu wurin aiki. Abin da suka iya shi ne, in motar ta fara wani ciwo, su bi diddiginsa da hankali har su gano daga inda ya taso, tun kafin a ce musu a sauke inji ko a sauke giya.

Mai mota yana da wata dama da babu bakaniken da ke da ita. Shi ne ke tayar da ita da asuba a sanyin hunturu, shi ne ke zaune a cikinta a cunkoson yamma da na'urar sanyaya mota a kunne, shi ne ya san yadda take numfashi a kan doguwar hanyar Kano zuwa Zariya. Bakanike kuwa awa ɗaya yake ganinta, ta riga ta ɗauki zafi, kuma sau da yawa ciwon da aka kawo ta dominsa ya ɓuya. Shi ya sa gwanin mai mota ba ya zuwa gareji ya ce "tana wata irin ƙara" ya yi shiru. Zai ce ƙarar da safe take zuwa, tana ɗaukar daƙiƙa biyu ko uku bayan tayarwa, sannan ta ɗauke. Ko ya ce kakkarwar ba ta zuwa sai an kai gudun kilomita 60 ana taka totur a hankali, in an taka da ƙarfi ta tafi. Wannan bayani kaɗai ya rage rabin aikin, domin kowane ciwo yana da lokacinsa da yanayin da yake fitowa.

Wani maƙwabcina, malamin sakandare, yana da Camry ƙirar 2008 mai inji lita 2.4. Wata rana motar ta fara rawa in tana tsaye a silo, wutar gargaɗin inji kuma maimakon ta tsaya cak sai ta riƙa kawowa tana ɗaukewa. Ya san bambancin. Wutar da ta tsaya tana ba ka lokaci, amma mai ƙiftawa tana nufin wata silinda ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa cikin salansa, kuma zai iya narkar da abin tace hayaƙi da kanikawanmu ke kira indomi. Sai ya faka. Ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai girman akwatin ashana biyu ba, ya durƙusa ya soka ta a wani soket mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan soket na OBD-II. Na'urar ta haɗu da wayarsa, wayar ta nuna masa lamba P0302, wato silinda ta biyu ke tsallake wuta.

A nan ne gwanintar take. Bai aika yaro kasuwa ya sayo komai ba. Ya buɗe bonet, ya cire murfin roba na saman inji, ya sa sifana mai lamba 10 ya kwance koyil ɗin silinda ta biyu da na ta uku, ya musanya musu wuri. Ya goge lambar, ya zagaya unguwa ya dawo. Lambar ta koma P0303. Ciwon ya bi koyil ya yi ƙaura, ke nan koyil ɗin ne ya mutu. Da lambar ta tsaya a kan silinda ta biyu, da sai ya musanya fulogi, bayan shi nozul, in duk ba su motsa ta ba sannan a yi maganar auna ƙarfin matsi na silindar. Yana farawa da gwajin da ba ya cin ko sisi, yana hawa mataki mataki zuwa mai tsada. Da ya je gareji sai ya ce, "Oga, koyil ɗaya nake so, ga matattcen a hannuna." Ogan ya juya shi a tafinsa ya ce, "Malam, ai ka gama aikin, mu ɗaurawa kawai ta rage mana."

Sai dai na'urar ba boka ba ce, kuma masu gwaninta sun san haka. Lambar tana faɗin abin da kwamfutar motar ta gani, ba ta faɗin abin da za a canja. Lambar P0171 tana cewa iska ta yi wa fetur yawa. Mai gaggawa zai canja firikwensin salansa, ya biya kuɗi, wutar ta dawo bayan kwana biyu. Mai haƙuri zai duba a wayarsa yawan man da kwamfutar ke ƙarawa don ta cike giɓin. In ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauka da an taka totur, to iska ce ke satar hanya, galibi ta wata tsaga a jikin robar da ta taso daga gidan filta zuwa inji. In kuwa ƙarin yana hawa ne yayin da gudu ke ƙaruwa, sai a tuhumi famfon mai da ya gaji, ko firikwensin auna iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe siririyar wayarsa. Wannan na ƙarshe feshi na musamman kawai yake buƙata, ba a taɓa shi da tsumma ko buroshi.

Maganar baƙin mai ta fi wannan nauyi. Injin 2AZ-FE da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 ya yi suna wajen shan baƙin mai, saboda zobban fistan da ke share mai daga bangon silinda suna toshewa su daina aiki. Kamfanin da kansa ya amince da matsalar a Amurka, ya tsawaita garanti, ya kuma sa ma'auni: in inji ya sha fiye da kusan lita ɗaya a cikin mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, za a canja masa fistan da zobba. Motocin da suka iso mana sun wuce wannan garanti da daɗewa. Abin da ya rage shi ne idon mai mota. Injin kusan lita huɗu yake ɗauka, kuma tsakanin ɗigo biyu na jikin geji kimanin lita ɗaya ce. Wanda yake jira sai ranar juye zai iya yin tafiya da rabin mai bai sani ba, har ranar da inji zai buga a tsakiyar hanya. Gwani kuwa yana zare geji duk mako, da safe, a wuri mai daidaito, ya goge, ya mayar, ya sake zarewa. Yana rubuta kilomita da abin da ya ƙara a wani ɗan littafi. Da wannan littafi yake gane ko shan man yana nan yadda yake ko yana ƙaruwa, kuma na ga injin da aka yanke wa hukuncin saukewa ya ci gaba da ɗaukar iyali shekaru saboda kawai mai shi ba ya barin man ya sauka ƙasa da ɗigon ƙasa.

Hayaƙi ma yana ba da labari, kuma ba shi da wuyar karantawa. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke shiga silinda.

Amma inda na fi jinjina wa waɗannan mutane shi ne wajen giya, domin a nan ne tsoro ya fi yawa kuma a nan kuɗi suka fi zubewa a banza. Giya mai sarrafa kanta rufaffen akwati ce, mai mota ba ya ganin cikinta, saboda haka duk wata girgiza ko fizga sai a ɗora mata. Alhali ciwuka da dama da ake jinginawa giya ba nata ba ne. Bugun da ake ji "gab" in an sa D ko R sau da yawa robar da ke riƙe inji ce ta yage, kuma ana ganinta da ido: mutum ɗaya ya danne birki ya sa giya, ɗaya ya tsaya gefe ya ga yadda inji ke ɗagawa. Koyil mai rauni da ke tsallake wuta a hawan tudu yana kama da giya mai santsi sak. Batirin da ya gaji ko wayar wuta da ta saki tana iya rikita kwamfuta ta riƙe motar a giya ɗaya.

Akwai wani gwaji da nake ganin kyansa matuƙa. Camry ta 2012 zuwa 2014 an san ta da wata kakkarwa tsakanin gudun kilomita 40 da 80, kamar an hau kan burji, wadda ke fitowa daga kulocin da ke cikin kwanbata, wato tukunyar man da ke haɗa inji da giya. To ta yaya za a raba ta da tsallaken wuta na inji? A kan hanya marar cunkoso, lokacin da kakkarwar ta zo, direba ya bar ƙafar dama a kan totur yadda take, ya sa ta hagu ya ɗan taɓa birki, daidai yadda wutar birki za ta kama. Kwamfuta tana ganin birki sai ta saki wancan kuloci. In kakkarwar ta ɗauke nan take, daga kwanbata take. In ta ci gaba, a koma wajen fulogi da koyil. Daƙiƙa ɗaya da ɗan yatsan ƙafa sun raba gardamar da za a iya kwana ana yi a gareji.

Sai man giya, wanda kowace mota da nata da yadda ake duba shi. A Camry mai geji ana dubawa inji na aiki, mota ta yi zafi, giya na kan P. A Accord ta 2003 zuwa 2007 kashe inji ake yi a duba cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya yi wa wannan irin na waccan zai karanta ƙarya, ya ƙara mai ko ya rage ba gaira ba dalili. Camry ta 2002 zuwa 2006 man T-IV take sha, daga 2007 aka koma WS, Honda kuwa nata ne daban, Z1 da DW-1 da ya gaje shi. Jan launi ba ya sa su zama ɗaya, kuma giyoyi da yawa a ƙasar nan ba tsufa ya kashe su ba, man da ba nasu ba ne. Gwani yana ɗiga man a kan farar takarda ya duba ya sansana. Ja ko ruwan ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙi mai warin ƙuna yana nufin faranti sun fara cinyewa. In ya koma kamar madara da aka zuba wa jan kala, ruwan lagireto ne ya shiga ta bututun sanyaya man, kuma wannan mota ba ta ƙara tafiya ko taku ɗaya sai an gyara.

Irin waɗannan masu mota su ne kuma ke ƙin a cire musu tamostat. Al'ada ce a garejinmu a cire shi a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Amma tamostat ɗin a wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma injin an ƙera shi ya yi aiki ne da wannan zafi. In aka cire, da safe inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta zuba fetur, ta kuma hana giya hawa ta sama har sai ruwa ya yi zafi. Sai mai mota ya ji giya ta yi nauyi, ya fara neman kuɗin wata. In mota na tafasa, dalili yana nan a lagireto da ya toshe, ko murfinsa, ko famfon ruwa, ko gaskit, kuma shi ya kamata a nema. A injin 2.4 na Camry ta 2002 zuwa 2006 har zaren kusoshin kan inji yakan zame a cikin bulo na alminiyam, ruwa ya riƙa tsatsafowa ta baya, wanda babu cire tamostat da zai warkar.

Wani lokaci duk gwaje-gwajen nan sukan nuna cewa giyar ce da gaske. Mai ya ƙone, mota na ihu ba ta ja, an juye an sa sabo babu canji. A nan ma gwani bai gama aikinsa ba. Kafin ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, zai buɗe ƙofar direba ya duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, inda Toyota ke rubuta lambar giyar motar, irin su U241E ko U250E. Na farko giya huɗu ne, na biyu biyar, kuma ko da sun ɗauru a jikin inji ɗaya, kwamfutar wannan ba ta jin yaren wancan. Zai kwafi lambar, ya gwada ta da wadda ke jikin giyar da za a sayar masa, ya sa a zare toshiyar ƙasa ya ga kalar man da ya rage a ciki, ya nemi kwanakin gwaji a rubuce, sannan ya tsaya a kan bakanike har a wanke bututun sanyaya mai kafin a ɗaura, don kada dattin tsohuwar ya shiga sabuwar.