Koren Ƙyalle Ba Ya Rufa Wa Mai Gaggawa Asiri

Yanzu duk matashin da ke da waya da manhajar CapCut ko KineMaster zai iya fitowa mutum biyu a bidiyo ɗaya, shi ne mai gida, shi ne yaron shago, ko ya tsaya a ɗakinsa ya nuna mana yana tsakiyar Dubai. Wannan yayi yana faranta mini rai, domin ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da a da sai mai kuɗin sutudiyo ke shiga. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu koyo sun ɗauka gwanintar tana cikin manhaja.

Dabarun nan sun girmi wayoyinmu nesa ba kusa ba. Larry Butler ya ci kyautar Oscar da shuɗin ƙyallen da ya yi aiki da shi a fim ɗin The Thief of Bagdad na 1940. Iyayenmu kuwa sun kalli Hema Malini ta fito 'yan biyu a Seeta Aur Geeta na 1972, ba kwamfuta, ba waya. Abin da waɗancan suka riƙe shi ne tsarin ɗauka.

Mai son raba allo don ya fito mutum biyu ya kafe kyamara a kan ƙafarta, kada ta motsa ko kaɗan, ya kulle hasken, ya ɗauki ɓangarorin biyu kafin rana ta karkata. Da zarar inuwa ta sauya, layin da ya haɗa hotunan zai fito fili. Haka koren ƙyalle yake. An zaɓi kore ne saboda ya yi nisa da launin fatar ɗan Adam, kuma kyamarar zamani ta fi ɗaukar sa da tsabta. Amma in ƙyallen ya yamutse, ko ɗan wasa ya jingina da shi, koren zai zubo masa a kunne da gefen hula, babu editan da zai wanke shi tas. A goge ƙyallen, a haska shi daidai ko'ina, mutum ya matso gaba da taku biyu ko uku.

Shawarata ga ƙannena masu sha'awar wannan sana'a, har da masu burin shiga Kannywood: ku fara da koyon haske da haƙuri kafin ku koyi danna maɓalli. Sannan ku tambayi kanku ko labarin yana buƙatar dabarar. Idan barkwancin zai ba da dariya a ƙofar gida, ku ɗauke shi a ƙofar gidan.