Mota da Ƙofar Makaranta a Finafinan Matasan Amurka

Masu sharhin fim sun daɗe suna raina finafinan 'yan sakandare na Amurka, kuma zarginsu ɗaya ne kullum: kafin a yi minti biyar da farawa an riga an manna wa kowane yaro tambari a goshi, ga 'yar masu kuɗi, ga ɗan wasa, ga sarkin karatu, ga tantiri, abin da ya rage kuwa cike gurbi ne. Wannan hukuncin mai gaggawa ne, wanda ya tsaya a kan tufafin 'yan wasa bai lura da aikin kyamara ba. Mintunan farkon nan da ake kushewa su ne inda gwanintar masu wannan sana'a ta fi bayyana, kuma dabarar da ta fi ɗaukar nauyi a cikinsu ita ce ta isowa makaranta: wa ya kawo yaro, a cikin wace mota, me aka faɗa masa kafin ya rufe ƙofa.

Kayan aikin ba a rana ɗaya aka tara su ba. A 1955 fim ɗin Blackboard Jungle ya buɗe da kiɗan da matasa ke so iyaye ke ƙi, ya koya wa na baya cewa waƙa kaɗai tana iya sanar da mai kallo ko na wa ne fim. A shekarar ne kuma Rebel Without a Cause ya nuna James Dean kwance a kan titi a buge, daga nan sai ofishin 'yan sanda, inda ake gane halin gidan kowane yaro daga wanda ya zo ɗaukarsa. George Lucas ya shigo da motoci a American Graffiti a 1973. Lokacin da John Hughes ya fito da The Breakfast Club a 1985, ya tarar da kiɗa da mota da iyaye a ajiye, shi ne ya haɗa su wuri guda.

Fim ɗin yana farawa da makarantar Shermer babu kowa a ciki, ranar Asabar, 24 ga Maris, 1984, ɗalibai biyar za su wuni a tsare a laburare a matsayin horo. Sai motoci su fara tsayawa. Claire tana cikin BMW, tana mita cewa mahaifinta ya kasa fitar da ita daga wannan horo, shi kuma yana lallashinta, wai don ta gudu daga aji ta tafi sayayya ai ba wani abin tashin hankali ba ne. Brian yana matse da mahaifiyarsa da ƙanwarsa, uwar tana umartarsa ya nemi hanyar yin karatu ko da an hana. Andrew yana cikin babbar motar mahaifinsa, wanda bai damu da laifin ba, damuwarsa ita ce an kama yaron, kuma hakan na iya janyo asarar tallafin karatun jami'a da kokawa za ta samo masa. Sau uku Hughes yana maimaita tsari ɗaya: babba a kan sitiyari, yaro a gefe, magana ta fito daga babba ta danne ƙarami. Maimaicin nan da gangan ne, domin mai kallo ya saba da shi har ya fara jiran mota ta huɗu.

Ba ta zuwa. Bender a ƙafa yake tahowa, cikin doguwar kwat da tabarau, ya ratsa gaban wata mota har ta kusa bankaɗe shi, ko waiwaye bai yi ba. Daga kujerar baya ta wannan motar Allison ke fitowa, ta matso tagar gaba kamar za ta yi sallama, motar ta ja ta bar ta tsaye. Ba a nuna fuskar wanda ya kawo ta ba, ba a ce mata uffan ba. A nan ne dabarar ta kai ƙarshenta. Yara ukun farko an bayyana su da abin da iyayensu suka faɗa, biyun ƙarshe an bayyana su da abin da aka cire daga tsarin da ido ya riga ya saba da shi: ɗaya babu mota, ɗaya babu magana. Duk abin da yaran za su tona da bakinsu daga baya, dukan da Bender ke sha a gida da yadda iyayen Allison suka yi watsi da ita, an riga an shuka shi a bakin ƙofa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Masu suka za su ce wannan ai shi ne manna tambarin da suke magana a kai. Sun manta cewa muryar farko da ake ji a fim ɗin ta Brian ce, yana karanta wasiƙar da ke tuhumar malaminsu Vernon da kallon su ta tambari biyar. Hughes ya bar mai kallo ya yanke irin hukuncin Vernon a cikin mintuna kaɗan, sannan ya shafe sauran fim ɗin yana warware masa shi. Suka mai ƙarfi ita ce ta ƙarshen fim, inda aka yi wa Allison kwalliya kafin Andrew ya gan ta da daraja. Wannan rauni ne na gaske, amma buɗewar ce ta ba mu ma'aunin da muke gane shi da shi.

Waɗanda suka biyo baya sun riƙe motar. A Clueless na Amy Heckerling, 1995, Cher tana tuƙa Jeep ɗin da mahaifinta ya saya mata alhali ko lasisi ba ta da shi, tana ture tukunyar fure a gefen hanya ba tare da ta damu ba. A 10 Things I Hate About You, 1999, 'yan mata suna rausaya a buɗaɗɗiyar mota, sai Kat ta tsaya kusa da su a tsohuwar motarta, waƙar Joan Jett ta murƙushe tasu, an gama gabatar da ita tun ba ta buɗe baki ba. A Lady Bird na Greta Gerwig, 2017, gardama kan jami'a da kuɗi ta yi zafi tsakanin uwa da 'ya har yarinyar ta buɗe ƙofa ta diro mota na tafiya.

Dalilin dagewar nan a kan mota a fili yake. A yawancin jihohin Amurka ɗan shekara 16 yana iya samun lasisin tuƙi, saboda haka filin ajiye motocin sakandare shi ne wurin da arzikin kowane gida ke fitowa fili kowace safiya. Ƙasa ce da ke son gaya wa kanta cewa kowa ƙoƙarinsa ke kai shi, finafinanta na manya kuma sukan kauce wa zancen bambancin mai shi da marar shi. Finafinan matasa ba su da wannan damar, domin ɗan sakandare bai tara komai da guminsa ba tukuna, duk abin da ya hau ko ya saka daga gida ya fito. Shi ya sa nake ganin waɗannan finafinai da ake yi wa kallon wasan yara sun fi yawancin manyan finafinan Hollywood faɗin gaskiya game da matsayi da gado, kuma sukan gama faɗinta kafin a buga ƙararrawar shiga aji.